Tagar da Kawu Ya Koya wa Zaman Jira

Ranar Laraba, kwana bakwai da rasuwar Kawu, da ƙarfe goma da rabi na safe, muna zaune a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a bakin lungunmu a Nima domin addu'a. Liman yana gaba tare da dattawan masallaci. Yaya, babban ɗan Kawu, wanda ya iso daga Turai washegarin jana'iza da hutun kwana goma, yana ta zirga-zirga da waya biyu a hannu. Inna, matar marigayin, tana cikin ɗaki saboda takaba, amma an bar mata ƙofa a buɗe tana jin komai. A ɓangaren mata akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, da ta sauka daga Kumasi da safiyar nan, sai ƙanwata, sai ni. Kawu yayan mahaifiyarmu ne, kuma shi ya riƙe mu tun da iyayenmu suka rasu.

Aikina karanta labarai da sanarwa ne da Hausa a wani gidan rediyo a nan Accra, saboda haka na san kalmomin da ake lulluɓa wa kowane mamaci kamar likkafani: mutumin kirki, mai haƙuri, mai zumunci. Duk an faɗe su a ranar. Wani ma cewa ya yi bai taɓa ganin fushin Kawu ba. Sai da na ɗaga kai na dube shi, in tabbatar gidan makoki ɗaya muka zo. Kawu ya yi fushi da rabin mutanen da ke rumfar nan, kuma galibi shi ke da gaskiya.

Sai wani tsohon abokinsa ya gyara murya ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Rediyo. Hannunsa akwai albarka. Ƙarshen rayuwa dai sai a hankali, ya koma wasan kwamfuta kamar ɗan makaranta. Tsufa ke nan."

Aka yi 'yar dariya, irin ta makoki, wadda ake tarewa da bayan hannu. Mutum ɗaya ce ban ga ta yi ba: Madam, wata Kirista mai shagon buga takardu a Adabraka, da ta zauna can gefe da ɗankwalin aro a kanta. Ita ta san abin da ake kira wasan.

Ana cikin raba abinci Gwaggo ta hangi wani saurayi yana jera kujeru, ta tambayi ko ɗan wane ne. Aka ce shi ne wanda zai auri ƙanwata, an riga an kai goro, an sa rana bayan arba'in ɗin Kawu. Aka ce ɗan marigayiya mai waakye ne ta Maamobi, wadda shinkafa da wakenta suka yi suna a unguwar. Gwaggo ta ajiye cokali. Da irin Hausarmu ta Zongo, wadda ba ta raba mace da namiji, ta ce da ƙarfi yadda har maza suka juyo:

"Ei! Wannan aure ba zai yiwu ba. Yarinyan nan ya sha nonon uwanshi. Da idona na gani."

Ƙanwata ta daskare da faranti a hannu.

Kowa a wurin ya san hukuncin. Jaririn da ya sha nonon wata mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada. Amma hukuncin a kan wanda ya sha kaɗai yake, bai taɓa yayyensa da ƙannensa ba. Mun taso da sanin cewa lokacin da mahaifiyarmu ta yi wata doguwar jinya, an kai ɗaya daga cikinmu Maamobi an shayar da ita. Na miƙe na ce ni ce, Kawu da bakinsa ya gaya mini, kuma ranar da aka kawo goro ya ce ya duba, a ci gaba.

Liman ya saurare ni har na gama. Ya ce, "'Yata, ke kina jaririya a lokacin, ba ki gani ba. Wanda ya gaya miki yana kabari. Ita kuwa wannan ta ce ta gani. Sai an kawo wadda ta gani ita ma. Kafin nan, maganar aure ta tsaya."

A nan ne abokin nan, mai maganar wasan yara, ya ce, "To ai sai a duba a kwamfutar Malam." Kawu yake nufi.

Duk ido ya koma kan Yaya. Ya ce ya ba da ita sadaka ranar uku, ga wata makarantar Islamiyya, domin ladan ya riƙa isa ga Baba. Ya ce kada kowa ya damu, shi ba yaro ba ne, ya kwafe abin kafin ya bayar. Ya zaro filashi daga aljihu ya ɗaga sama kamar mai nuna makullin mota.

Madam ta karɓa ta soka a kwamfutarta, a nan bakin rumfa. Abu ɗaya ne a ciki: ɗan hoton nan da ake dannawa a fuskar allo don manhaja ta buɗe. Hoton kawai. Yaya ya ciro allon da ke nuna hanyar gida ya sa a aljihu, ya kyautar da gidan.

Ina rubuta wannan ne domin ban yarda a binne Kawu sau biyu ba.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago a New Town. Ba ya taɓa na'ura sai ya wanke hannu. Ba ya yarda mai kaya ya gaya masa abin da ya lalace. "Ka gaya mini abin da ka ji da abin da ka gani," in ji shi, "abin da ya lalace kuma aikina ne." Duk abin da zai kwance sai ya zana shi a littafi kafin ya cire ko da ƙusa ɗaya. Da rediyo ya koma cikin waya, shagon ya mutu a hankali, shi kuwa bai yi kuka da zamani ba ko sau ɗaya. Abin da ke cin ransa daban ne.

Akwai wani aure da ya tsaya a matsayin waliyyi shekaru da yawa da suka wuce. Sai da ma'auratan suka haifi 'ya'ya biyu sannan wata tsohuwa ta dawo daga arewa ta ce nono ɗaya suka sha, aka bincika aka tarar haka ne, aka raba su. Ba laifin kowa ba ne, kuma laifin kowa ne. A gidajen haya na Nima da Maamobi, inda iyali goma ke tsakar gida ɗaya, uwa takan fita kasuwar Malam Atta tun kafin gari ya waye. Jariri ya yi kuka, maƙwabciya mai goyo ta ɗauka ta ba shi nono. Alheri ne, kuma ba wanda ke rubuta alheri. Shekara ashirin da biyar bayan haka gidan ya watse, wasu sun koma Madina, wasu Ashaiman, wasu kabari, yaran kuma sun haɗu a trotro, motar haya, suna son juna.

Kawu ya fara bin tsofaffin mata ɗaya bayan ɗaya. Yakan sayi koko da ƙosai ya kai, ya zauna a ƙasa da kujerarsu, ya yi hirar duniya ta sa'a guda kafin ya tambayi abin da ya kawo shi: wa kika shayar, wa kika ga an shayar, wa ke wurin. Ya cika littattafai shida. Wata damina babban kwalbatin Nima ya cika ya shigo ɗaki, ya mayar da huɗu daga ciki kunu. Ranar na same shi yana shanya shafuka a kan kwanon rufi, yana zagin tawada, yana zagin kansa. Ya ce, "Takarda ta ci amanata. Zan nemi wani marubucin."

Yana da shekara sittin da takwas ya sayi tsohuwar kwamfuta tafi-da-gidanka. Mun ce ya zuba sunayen a irin jadawalin da ake amfani da shi a ofis, ya huta. Ya ƙi. Ya ce jadawali yana baje sirrin kowa a gaban duk wanda ya leƙo. Shi yana son taga guda a fuskar kwamfuta, mai gurbi biyu, a rubuta suna nan, a rubuta suna can, ta ba da amsar waɗannan biyun kawai ta yi shiru a kan sauran. Aka ce masa irin wannan sai an gina ta. Ya ce, "To a ina ake sayar da bulon?"

Madam ce ta amsa masa wannan tambaya. Ya taɓa gyara wa cocinsu amsa-kuwwa ana gobe bikin Kirsimeti, bai karɓi ko sisi ba, ya ce muryar mai kiran Allah ba a barinta a shaƙe. Ita kuma ta karanci kwamfuta kafin ta buɗe shago. Ta bayyana masa cewa akwai harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, sannan akwai wani tarin kayan gini da ake girkawa a kansa, wanda a cikinsa ake samun taga da maɓalli da gurbin rubutu a shirye, mutum ya harhaɗa yadda yake so. Ya ce ya gane: harshen shi ne kafinta, kayan su ne katako.

Girka kayan nan kaɗai ya ci masa mako uku. Sau biyu data tana ƙarewa ana tsakiyar saukewa. Sau ɗaya aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙe ko minti biyar. Da aka gama saukewa, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, kwamfuta ta ce ba ta san harshen ba, alhali ga shi a cikinta. Ashe akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama tun a farkon girkawa, domin na'ura ta san hanyar da za ta bi ta same shi, shi kuwa ya tsallake. Ya goge komai ya sake daga farko. Sai kayan ginin suka ce sabon harshe suke so, tsohuwar kwamfutarsa kuma ta ce ba za ta iya ɗaukar sabon ba. Sai da Madam ta nemo masa tsohon samfurin kayan. Ya ce, "Yauwa. Tsoho da tsoho, ba mai raina wani."

Duk wannan yana rubutawa, mataki-mataki, a wani littafi mai shuɗin bango, kamar yadda yake zana cikin rediyo. Jan rubutun da kwamfuta ke zubowa idan an yi kuskure, wanda ke sa matasa rufe na'ura su tashi, shi da shi suka zama abokai. "Ba zagi ba ne," in ji shi. "Adireshi ne. Ka fara karantawa daga ƙasa, zai gaya maka lambar layin da ɓarnar take. Da mutane suna faɗin laifinka da lambar layi, ai da duniya ta gyaru."

Tagarsa ta farko ba ta zauna ba. Yana danna umarni sai ta ƙyafta ta ɓace, kamar wadda ta leƙo ta ga mai bin bashi. Kwana uku yana fama, ya ƙi zuwa Adabraka don girman kai. Rana ta huɗu ya hau trotro. Madam ta duba ta yi dariya, ta ce ya manta layin ƙarshe, wanda ke gaya wa taga ta tsaya ta saurari mai dannawa. Ya ƙara layin. Taga ta buɗe, ta zauna.

Da ya dawo gida ya tara mu duka, har da Inna da hannunta cikin ƙullu. A allon akwai wani fili mai launin toka, babu komai a ciki sai 'yar rubutu a samansa.

Inna ta ce, "To ina abin?"

Ya ce, "Shi ke nan abin."

"Ei, Malam! Wata biyu kana hana mu kunna fanka don akwatin da ba komai a ciki?"

"Hajiya, ba ki gani ba ne? Tana jira. Na koya mata zaman jira. 'Ya'yanki ma har yau ba su iya ba."

Muka yi dariya. Ni ma na yi, kuma ba tare da shi nake yi ba, shi nake yi wa. Na faɗi wannan domin kada a ce fushina a kan wasu kawai yake.

A cikin wata shida taga ta cika. Gurbi biyu na suna, da maɓalli ɗaya ƙato da ya rubuta wa "Duba", ya ce idon tsoho ba ya farautar ƙananan abubuwa. Ya yi mako guda yana faɗa da haruffanmu masu lanƙwasa, da suke fitowa kamar ƙananan akwatuna, har ya shawo kansu. Amsa uku kawai manhajar ke bayarwa: an sha, ga shaidu, ko ba a samu komai ba, ko akwai magana, ku je wurin malam. Ba ta taɓa cewa aure ya halatta ba. Ya ce shi magatakarda ne, ba malami ba, kuma na'urar magatakarda ba ta da hurumin yin fatawa. A ƙasa ya ƙara maɓalli na biyu mai buga amsar a 'yar takarda, da sunayen shaidu da unguwar da suke.

Akwai kuma wata doka da ya dasa a ciki, wadda ta jawo masa rigima da Magajiyar matan unguwarmu. Idan aka shigar da shaida da sunan mace ɗaya, manhajar ba ta karɓa. Wata 'yar ƙaramar taga ce ke fitowa ta ce: "Ina ta biyu?" Magajiya ta zo da kanta ta ba da labarin wata shayarwa, taga ta tambaye ta ina ta biyu. Ta miƙe tsaye.

"Ni za a tambaya ta biyu? Ni da na yi wa rabin Nima wankan jego? Kai Mai Rediyo, gaya wa akwatinka ko ni wace ce!"

Kawu ya ce, "Na gaya mata, Hajiya. Ta ce ta sani, ta gaishe ki, ina ta biyu?"

Wata biyu ba ta amsa sallamarsa ba. Daga baya ta dawo, tana jan wata tsohuwa a hannu.

Tawa rigimar da shi ta fi wannan muni, domin har ya rasu ba mu daidaita ba. Na ce ya bari in ajiye kwafin bayanan a intanet, ko ya turo mini a waya. Ya ce sirrin matan mutane ba zai hau iska ba, su a ƙasa suka gaya masa, a ƙasa zai zauna. Duk takardar da ya gama shigarwa ƙona ta yake yi. Na ce idan kwamfutar ta mutu fa? Ya daki ƙirjinsa, inda aljihun babbar rigarsa ta Juma'a yake, ya ce duk Juma'a bayan masallaci yana kwafewa a filashi, kuma filashin ba ya barin aljihun nan. Na ce wannan taurin kai ne. Ya ce na gado. Ranar da ya kira ni in zo in ga abin da aka shigar a kaina, da sunayen waɗanda suka shaida, na ce na makara wurin aiki, wani lokaci. Minti biyu ne da ya ɗauke ni.

Saboda haka da hoton banzan nan ya bayyana a kwamfutar Madam, na ruga ɗakin Inna na tambayi rigar Juma'a. Ta rufe fuska. An fitar da tufafin Kawu duka ranar uku, kamar yadda aka saba a Zongo, don kada kayan mamaci su kwana da yawa a ɗaki. Rigar Juma'a wani baƙo matafiyi aka ba a bakin masallaci. Ba wanda ya san sunansa, domin ba a tambayar sunan mai karɓar sadaka. Ba wanda ya laluba aljihu.

Washegari da safe ni da Yaya muka je makarantar. Malamin ya karɓe mu da mutunci, ya ce tun ranar da aka kawo kwamfutar ya kai wa masu gyara a unguwar Circle sun wanke ta tas, sun ɗora sabon tsari don yara su koyi buga rubutu. Masu gyaran suka gwada abin da za su iya, suka ce an rubuta sabo a kan tsoho, babu abin da zai dawo. Shekara huɗu na koko da ƙosai da zama a ƙasan kujerar tsofaffi.

A hanyar dawowa Yaya ya ce shi alheri ya nufa. Na yarda. Amma na tambaye shi wa ya shawarta. Inna tana ɗaki, ni ina gida, Madam tana Adabraka, gado ma ba a raba ba. Ya ce hutunsa gajere ne, dole a gama komai kafin ya tashi, kuma shi a tunaninsa abin da Baba ke yi ɗebe kewa ne kawai. Wannan kalmar ce ba zan yafe da wuri ba. Da Kawu ya bar buhun tsofaffin littattafan Larabci, ko da ba wanda ya iya karanta su, da an naɗe su a farin ƙyalle an ɗora a saman kabad, ba mai taɓawa sai da alwala. Amma da yake a cikin kwamfuta ya zuba amanar, kuma tsoho ne ɗan Zongo mai gyaran rediyo, ba wanda ya kawo a ransa cewa zai iya gina abin da ya cancanci a tambaya kafin a goge. Yaya ya tashi ranar Asabar.

Ƙanwata ta daina cin abinci sosai. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ninke ankon da aka ɗinka ta mayar cikin akwati. Gwaggo ta ƙi komawa Kumasi, ta ce ba ƙiyayya ba ce, tsoron Allah ne, kuma na san gaskiya take faɗa. Muka bi tsofaffin da muka sani a Nima, kowace ta ce ta ji labari amma ba ta gani ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka saurayin ya zo gaishe da Inna, ya durƙusa a bakin ƙofa. Cikin hira ya ce mahaifinsa, direban trotro ne, kullum yana yi wa Kawu addu'a, ya ce tun da ya rataya layar da Kawu ya ba shi ranar kai goro motarsa ba ta ƙara kwana a gareji ba.

Inna ta ce, "Wace laya?"

Ya ce wata 'yar takarda ce a ninke, Kawu ya damƙa masa a hannu ya ce ya adana, za ta yi amfani wata rana. Tsohon ba ya karanta boko, sai ya kai wa baduku ya ɗinke ta da fata.

Inna ta ce, "Shekara arba'in da biyar ina gidan mutumin nan. Bai taɓa rubuta wa ko kaza laya ba."

Da azahar muka sami direban a tasha yana jiran layinsa. Layar tana lilo a jikin madubi. Da na ce za mu farke ta, ya dafe ta da hannu biyu.

"A'a, 'yata! In ka buɗe, ƙarfinshi zai fita. Mota na fa, chale, mota na!"

Ɗansa ya ce, "Baba, mota ko aure?"

Ya dubi madubi. Fasinjoji suka fara sa baki, wata mai tallan burodi ta ce a buɗe mana, ita ma tana son gani. Shi da kansa ya ciro reza daga aljihun mota ya miƙo mini, ya kau da kai.

A ciki akwai takardar da maɓalli na biyu ya buga. A sama sunan ƙanwata da na saurayin, da amsa: ba a samu komai ba. A ƙasa Kawu ya sa ta buga ƙarin bayani: wadda ta sha nono a gidan nan yayarta ce. Ga sunana. Ga shaidar mai waakye da bakinta, wata biyar kafin ta rasu. Ga shaida ta biyu, wata mai sayar da busasshen kifi da ta zauna gida ɗaya da mahaifiyarmu, yanzu tana wurin 'yarta a Ashaiman.

Mun same ta da rai. Aka kawo ta gaban liman a mota, Gwaggo na zaune. Ta ce jinyar a haihuwar fari aka yi, kuma ita ce ke goya jaririyar daga Nima zuwa Maamobi safe da yamma har wata biyu. Ta ce ta biyun uwarta ce ta shayar da ita har yaye, a gabanta. Ta dube ni ta ce, "Ke ce. Kin yi mini fitsari a zane ya fi a ƙirga." Gwaggo ta daɗe tana tunani, sannan ta ce ta tuna, a zuwanta na farko Accra ne ta gani, kuma a lokacin ɗiya ɗaya ce a gidan. Ta nemi gafarar ƙanwata a gaban kowa. Liman ya ce a ci gaba da shiri.

An yi murna, ni ma na yi. Amma ina so masu dariyar bayan hannu su riƙe wannan: gida ɗaya ne ya tsira, kuma da kuskuren direba ya tsira. Sauran gidajen da Kawu ya bi, ba su ma san an yi musu asara ba. Za su sani nan da shekara biyar ko goma, ranar da wata gwaggo za ta ajiye cokali.

Littafin nan mai shuɗin bango bai shiga sadaka ba, domin ba wanda ya ga darajarsa. A ƙarƙashin tabarmar sallarsa na same shi. Babu sunan kowa a ciki, amma akwai matakan girkawa duka, da kowane layi na manhajar da rubutun hannunsa. Na kai wa Madam. Ta ce ba za ta taɓa mini ba, ni zan yi, ita za ta zauna kusa. Na tsallake ɗan akwatin nan na farko, duk da ya ja masa layi biyu da jan biro ya rubuta a gefe: kada ki manta. Ki ya rubuta, ba ka ba. Na goge na sake. Na kwafe layukan ɗaya bayan ɗaya a cikin Asabar uku, har na ƙarshen, kuma taga ta buɗe ta zauna, babu kowa a cikinta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mana rainin da muka yi masa yana raye.

An ɗaura auren ranar Lahadi ta biyu bayan arba'in. Direban ya sa an sake ɗinke takardar, tana nan a jikin madubinsa. Daga cikin tsofaffin da Inna ta iya tuna Kawu ya ziyarta, bakwai sun riga shi tafiya. Sauran ina binsu ranakun da ba ni da aiki, da koko da ƙosai. Zuwa yau shaida goma sha ɗaya ce a cikin manhajar, kwafinta uku a gidaje uku, kuma ta farko a jerin tawa ce.